Sirrin da Ya Fita Daga Shagon Kitso

Akwai wata mai kitso da duk unguwa ke kira Anti Kitso, har sunanta na ainihi ya ɓace a bakin mutane. Shagonta ɗan ƙarami ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da magani. A ciki akwai babban madubi, kujerun roba biyu, da benci inda mata ke jiran layi. Hannunta na da sauri, kuma ba ta jan gashi, shi ya sa har yara ba sa gudunta.

Mace ce mai kirki, wannan ba wanda zai musa. In an kwantar da wani a asibiti, ita ce ta farko da za ta iso da ruwan zafi a fulas. In an yi rasuwa, ita za ka tarar a bayan gida tana wanke tukwane. Ranar Lahadi tana layin gaba a coci, kuma in tana addu'a, hawayenta na gaske ne.

Amma tana da ciwo guda, kuma a bakinta yake. Magana ba ta kwana a cikinta. Abin da wannan ta faɗa da safe tana kan kujera, kafin yamma waccan ta tafi da shi gida tare da sabon kitsonta.

Ba wai ba ta san halinta ba ne. Ta sani, kuma yana damunta. Ta taɓa haɗa wata mata da ƙanwarta faɗa, suka daɗe ba sa ko gaisawa, saboda kalma ɗaya da ta ɗauko daga nan ta ajiye a can. Bayan wannan ta yi azumi, ta durƙusa ta yi wa Ubangiji alkawari. Ta sayi rediyo ta ajiye a shago don ta riƙa ƙure murya in hira ta fara karkata. Wani lokaci ma sai ta cije mataji a baki tana kitso, don kada harshenta ya samu hanya.

Mijinta, direban babbar mota, yakan tsokane ta in ya dawo daga tafiya.

"Ni in ina so labari ya zaga gari ba na sayen katin waya," yakan ce. "Sai in gaya miki, in ce kada ki faɗa wa kowa."

Takan yi dariya tare da shi. In ya fita, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

"Ubangiji, ka ga zuciyata," takan ce. "Kullum ina tashi da niyyar yin shiru. Kafin rana ta take na riga na yi da mutum uku. Ba na son wannan halin, amma ga shi ina cikinsa."

Tana da aminiya guda, malamar firamare, da kowa ke kira Malama. Mijin Malama ya rasu tuntuni, ya bar ta da ɗa ɗaya, Dogo, mai gyaran firji da fanka. Saurayi ne mai shiru-shiru, ba ya wuce babba bai gaishe shi ba. An riga an sa masa ranar aure da Auta, 'yar wani dattijon cocinsu, wadda ke karatun aikin jinya.

Wata rana da yamma ana ruwan sama, shago babu kowa sai Malama zaune a kan matashi, kanta jingine da gwiwar Anti. Tun da aka fara tsaga ba ta ce uffan ba.

"Uwar ango, yau shiru?" in ji Anti. "Ko kina tunanin wanda zai riƙa gyara miki fanka in an ɗauke miki shi?"

Malama ba ta yi dariya ba.

"Ƙawata, akwai abin da ke cina. Na rasa wanda zan gaya wa."

 Wani abu a cikin Anti ya ce ta dakatar da ita, ta ce mata ta kai wa wani, ita ba wurin ajiya ba ce. Amma kunnenta ya riga ya miƙe.

"Ina jinki," ta ce.

"Kin tuna lokacin da na ce Dogo ya tafi koyon sana'a a wani gari? Ya koyi sana'ar, amma daga baya. Da farko gidan jinyar masu shan ƙwaya na kai shi. Bayan rasuwar babansa ya faɗa ciki. Na taɓa tsintarsa a bayan tasha, yana kallona bai gane ni ba."

Hannun Anti ya tsaya a cikin gashin.

"Yanzu fa?"

"Ya daina tun tuni. Shekaru ke nan ko sigari ba ya taɓawa. Amma ya ce ba zai tsaya gaban Allah da 'yar mutane yana ɓoye mata wannan ba. Jira yake ta gama jarrabawarta, ya zaunar da ita da iyayenta, ya faɗa musu da bakinsa. Tsoro nake ji, ƙawata. Ki taya ni addu'a. Ke kaɗai na gaya wa."

Anti ta sunkuya ta rungume ta. Ta ce har ta shiga kabari ba wanda zai ji daga bakinta, kuma a lokacin da ta faɗa, da gaske take. Nan suka yi addu'a su biyu, ruwa na dukan kwano.

Makonnin da suka biyo baya sun yi mata nauyi. Duk matar da ta zauna a kujera sai ta taɓo zancen bikin. Wannan ta ce dattijo ya yi sa'ar suruki, waccan ta ce Malama ta iya tarbiyya. Duk lokacin da aka ambaci Dogo sai Anti ta ji maganar na zafi a ƙarƙashin harshenta kamar garwashi. Sai ta ƙure rediyo, ko ta tashi ta ce za ta sha ruwa.

Kuma tana cin nasara. Kwana na wucewa, bakinta a rufe. Har ta fara jin daɗin kanta.

Wata Lahadi bayan an tashi, matar Fasto, wadda kowa ke kira Mama Fasto, ta tsayar da ita a bakin ƙofa.

"'Yata, kin rame. Lafiya?"

"Azumi nake yi, Mama. Yaƙi nake da bakina."

"Irin wannan yaƙin ba a yinsa mutum shi kaɗai. Ranar da kika ji magana na ƙona ki, ajiye mataji ki zo gidana. Ba sai kin gaya mini ko mene ne ba. Mu zauna kawai har ta huce."

"Na gode, Mama. Amma wannan karon na fi ƙarfinsa. Ki tambayi kowa, na daɗe ban yi da mutum ba."

Mama Fasto ta dube ta na ɗan lokaci.

"To, Allah ya taimaka," ta ce.

Ana saura 'yan kwanaki Auta ta gama jarrabawa, wata mawaƙiyar coci da ake kira Alto ta zo kitso. Ƙanwar mahaifiyar Auta ce, kuma ita ke gaba-gaba a shirin bikin. Tun da ta zauna take yabon ango.

"Mun bincika ta ko'ina," in ji Alto. "Yaron nan ko tabo ba shi da shi. Ke ma, Anti, ki ce wa naki mai babur ɗin ya riƙa bin Dogo, ko zai koyi natsuwa. Shi kullum a bakin titi, ba aure ba dalili."

Da wasa ta faɗa, amma ta taɓa wurin ciwo. Ɗan Anti na fari ya bar makaranta yana haya da babur, kuma ta gaji da jin ana gwada shi da 'ya'yan wasu.

"Hmm," in ji Anti.

Alto ta ɗago ta dube ta a madubi.

"Mene ne kuma hmm?"

"Ba komai. Kowa dai da nasa."

"Anti, kin san wani abu."

Rediyo na nan kusa da hannunta. Ƙofa a buɗe take. Ta ga duka biyun, kuma ta san abin da ya kamata ta yi.

"Ni dai na ce mu sa yaron a addu'a," ta ce a hankali. "Don addu'a kawai zan gaya miki."

Ta faɗa mata duka, har da bayan tasha. Tana faɗa tana jin wani daɗi, ganin idon Alto ya fito, ganin yau ita ce mai sanin abin da dangin amarya ba su sani ba. Daɗin ya ƙare tare da kalmar ƙarshe. 

Aka gama kitson, Alto ta miƙe. Da ta fita, Anti ta bi ta titi ba takalmi, ta riƙe mata hannu.

"Don girman Allah ki bar shi tsakaninmu. Ya daina tun tuni. Shi da kansa zai zo ya faɗa musu."

"Haba Anti, ni yarinya ce?" in ji Alto. Amma idonta na kan hanya.

Washegari da safe Anti ta nufi gidan Malama. Ta yanke shawara za ta faɗa mata abin da ta yi, don Dogo ya yi sauri ya riga labarin isa gidan dattijo. A ƙofar gida ta tarar da shi yana ɗaure jakar kayan aiki a bayan keke. Ya rusuna ya gaishe ta.

"Anti, fankar shagonki har yanzu tana wannan ƙarar? Zan leƙo in duba miki."

Ta amsa da ƙyar ta wuce ciki. Malama na guga, ta tare ta da murna, ta jawo mata kujera.

"Ƙawata, da sassafe haka? Lafiya dai?"

Anti ta buɗe baki. Ta dubi fuskar aminiyarta, ta hango yadda fuskar za ta koma in ta ji. Ta hango kanta a durƙushe, ana kallonta da ƙyama.

"Lafiya lau," ta ce. "Na zo ne in ji kalar kayan da za mu sa ranar biki."

A hanyar komawa ta gaya wa kanta gobe za ta dawo. Goben ta zo, ta ce wataƙila Alto ta riƙe alkawari, me ya sa za ta tayar da hankalin mutane a banza.

Alto ba ta riƙe ba. Ta gaya wa yayarta, yayar ta gaya wa mijinta, kuma kafin mako ya zagayo labarin ya fita daga gidan ya canza kama. Wasu suka ce har yanzu yana sha. Wasu suka ce an taɓa ɗaure shi da sarƙa. Wata ma ta zauna a kujerar Anti ta ba ta labarin, da ƙarin cewa yana satar kayan mutane in ya shiga gyara. Anti ta ci gaba da kitso.

Dattijo ya aika aka kira Dogo, ya tsayar da shi a gaban 'yan'uwansa maza.

"Abin da muke ji gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baba, na taɓa yi. Amma na daina shekaru da yawa. Ina shirin zuwa in faɗa muku da kaina, jarrabawarta nake jira."

"Yanzu da asiri ya tonu kake shirin zuwa," in ji dattijo. "Tashi ka ba ni wuri."

Aka fasa auren. Dogo ya yi ta zuwa ƙofar gidan ko zai ga Auta. Sau ɗaya ta fito, idonta a kumbure.

"Da daga bakinka na ji, da na tsaya maka," ta ce. "A bakin 'yan ajinmu na ji. Yanzu ban san wanne ne gaskiya ba."

Ta koma ciki.

Daga nan aiki ya fara yankewa. Gidajen da ke kiransa suka daina, don ba wanda ke son barinsa ya shiga ɗakin girki. Ya ci gaba da zuwa coci na ɗan lokaci, amma duk bencin da ya zauna sai mutane su matsa, mata su jawo jakunkunansu kusa. Wata Lahadi bai zo ba. Ta gaba ma haka.

Malama ba ta sake zuwa kitso ba, kuma ba ta aika wa Anti da ko kalma ɗaya ba. In sun haɗu a hanya takan amsa gaisuwa ta wuce. Anti ta daina cin abinci sosai. Tana durƙusawa ta yi addu'a sai ta rasa abin faɗa. Sau da yawa ta kama hanyar gidan Malama, ta kai kwanar layin, ta juyo.

Wata rana ta hango Dogo yana wucewa ta gaban shago. Rigarsa ta yi datti, idanunsa sun yi ja, yana tafiya kamar ƙasa na motsi a ƙarƙashinsa. Ya tsaya ya dubi shagon. Anti ta juya baya ta yi kamar tana neman wani abu a cikin kwali, har ya wuce.

Ba a daɗe ba, masu shara suka tsince shi da safe a bayan shagonsa, kwance, kumfa a bakinsa. Jikin da ya daɗe da rabuwa da ƙwaya bai iya ɗaukar abin da ya zuba masa ba. Likitoci sun ceto ransa, amma ɓarin jikinsa na dama ya mutu. Hannun da ke kwance injin firji ba ya iya riƙe cokali, kuma magana sai da ƙyar take fita.

Wannan karon Anti, wadda kullum ita ce ta farko a asibiti, ita ce ta ƙarshe. Ta je da rana, lokacin da ta san masu dubiya sun ragu. Ɗakin na warin magani. Dogo na kwance yana barci a gadon ƙarshe kusa da taga, Malama na zaune a gefensa tana goge masa baki da tsumma. Ta tsufa a 'yan watannin nan.

Anti ta ajiye fulas ta zube a ƙasa.

"Malama, ni ce. Ni na gaya wa Alto."

"Na sani," in ji Malama, ba ta ko juyo ba. "Mutum ɗaya na gaya wa."

"Ban yi niyya ba. Allah ya sani na yi ƙoƙari, na yi azumi, na yi..."

"Na yarda kin yi ƙoƙari. Kuma laifina ne da na ɗora miki kayan da na san sun fi ƙarfinki." Ta ninke tsumman. "Amma ba faɗar ce ta fi yi mini ciwo ba. Safiyar da kika zo gidana kina tambayar kalar kaya, kin riga kin faɗa, ko?"

Anti ta gyaɗa kai.

"Yana ƙofar gida a ranar. Da kin buɗe baki, da kafin rana ta yi zafi yana gidan dattijo. Da ya riga su."

Anti ta kifa fuskarta a ƙasa tana kuka. Matar da ke jinyar mai gado na kusa ta kawar da kai.

"Ki yafe mini. Ko ki zage ni, ko ki mare ni, amma ki yafe mini."

Malama ta ajiye tsumman.

"Na yafe miki," ta ce. "Amma bari in gaya miki gaskiya. Kullum da safe ina durƙusawa in yafe miki, don Ubangijina haka ya ce in yi, kuma ina so in yi. Kafin yamma, in na ɗaga yaron nan na ga yawu na zuba daga bakinsa, sai in ji ina roƙon Allah ya nuna miki irin wannan a kan naki ɗan. Sai in ji kunyar kaina. Washegari in sake farawa. Ban san ranar da zai zauna a zuciyata ba. Ba ke kaɗai ke yaƙi ba."

Dogo ya motsa, ya yi wani sauti. Malama ta duba, ta ga zanin gadon ya jiƙe. Ta miƙe ta sa hannu a ƙarƙashin kafaɗunsa, ta gwada ɗaga shi, ta kasa. Ta duba ko akwai ma'aikaciyar jinya a kusa. Babu.

"Tashi," ta ce wa Anti. "Kama ƙafafunsa. Ni kaɗai ba zan iya ba."

Anti ta tashi ta kama. Ba shi da nauyin da ta zata, duk ya zube. Suna juya shi idonsa ya sauka a kanta, ya tsaya. Leɓensa ya yi ta motsi yana neman kalma. Su biyun suka tsaya suna jira.

"An...ti," ya ce. "Sannu... da zuwa."

Ba wanda ya gaya masa cewa ita ce ta tona asirinsa. Malama ta girgiza wa Anti kai a hankali, alamar ba yau ba. Suka canza zanin, ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan.

Darasi: 'Yan'uwa, son yin abin kirki bai isa ya riƙe mutum ba. Wanda ya san inda yake da rauni, kada ya ce ya fi ƙarfinsa, kada kuma ya yi yaƙin a ɓoye shi kaɗai. Ya roƙi alherin Ubangiji kowace safiya, ya bar masu tsoron Allah su riƙe masa hannu. In kuwa ka riga ka faɗi, tashi ka furta a ranar, tun gyara na yiwuwa, domin jinkirin tuba yakan yi ɓarnar da ta fi zunubin farko. Ubangiji yana gafartawa, amma wanda ka raunata shi zai ci gaba da kwana da ciwon. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokan zumunci, wataƙila akwai wanda ke tsaye a ƙofar gidan wani yau yana shirin juyawa.